Mutumin da Ya Juya Indararonsa Ciki

Akwai wani mutum da yake zaune a wani gari a gindin dutse. Daga kan dutsen nan ruwa yake zubowa, fari fat, rani da damina, ana jin rurinsa tun daga kasuwa. Mutanen garin sun tashi sun tarar da shi, don haka ba ya ba su mamaki. A can mata suke wanki, a can yara suke koyon iyo, shi ke nan.

Kada ku tambaye ni sunan mutumin. Ko uwar da ta haife shi ba ta faɗar sunansa, gama shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mace ce mai alkunya irin ta mutanen dā. Tun yana goye har furfura ta fito masa a gemu, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. In tana son ganinsa, sai ta ce wa wani, "Kira mini wancan." Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta roƙonsa kome, in kuwa ya yi mata ba daidai ba, sai ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Ku da kuka taso a hannun kakanni kun san irin wannan kunyar. Ba ƙiyayya ba ce, ƙauna ce da aka rufe da faifai. Kowa a unguwar yana kiran tsohuwar Iya.

Gidan mutumin nan na ƙasa ne, ubansa ne ya gina shi a bakin hanyar da take zuwa wurin ruwan. Zaure yana gaba, tsakar gida tana gangarawa kaɗan kaɗan, ɗakin Iya kuwa yana can ƙarshe, inda ƙasa ta fi kwari. Yara, kun san indararo? Shi ne bututun nan da yake leƙowa daga saman soro, yana watsa ruwan sama nesa da bango. To, uban mutumin nan da ya gina gidan, ya sa kowane indararo ya fuskanci waje, ruwa ya zuba a hanya ya gangara rafi. A cikin gida kuwa rariya ɗaya ya huda a gindin katangar baya, kusa da ɗakin Iya, 'yar ƙarama, daidai ruwan da zai sauka a tsakar gida kaɗai. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai a kwaɓa ƙasa a yi wa gidan yaɓe, daga ɗakin Iya kuma ake farawa.

Da safe Iya takan ɗauki 'yar kujerarta ta zauna a bakin zaure, tana ɓarar gyaɗa, randa a gefenta. Duk wanda ya wuce sai sun gaisa. Mai ƙishi ya sha ruwa, ya sa albarka, ya yi gaba.

Ana nan, ana nan, sai aka shimfiɗa kwalta har gindin dutsen. Wani ya ɗauki hoton ruwan, ya nuna wa wani, wannan ma ya nuna wa wani. Kafin ka ce kwabo garin ya cika da baƙi. Ga motoci, ga 'yan makaranta, ga amare da angwaye, ga mutanen da ba a ma jin yarensu, kowa yana so ya tsaya a gaban ruwan da 'yan gari suke wanke tsummoki a cikinsa. Baƙin nan kuwa suna bukatar inuwa, da abinci, da wurin kwana.

Ku ji ni da kyau, mutumin nan ba mugu ba ne. Mai fara'a ne, mai son mutane, ya san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Da fari zaurensa ya buɗe wa baƙi. Da ya ga bai isa ba, ya gina ɗakuna a dama da hagun zauren, ya yi musu daɓen siminti, ya shafe bangon gaba da farar ƙasa, ya dasa furanni a gindinsa. Allah kuwa ya sa albarka. 'Ya'yansa suka shiga makaranta, matarsa Afiniki ta sami zannuwa, tukunyar gidan ta san nama. Duk wannan ba laifi ba ne, baiwa ce daga wurin Ubangiji.

Wata rana da damina aka yi ruwa, indararon zaure ya kwararo a ƙofar gida kamar yadda ya saba tun zamanin ubansa. Ruwan ya fantsama wa farin bango jar ƙasa, ƙofar gida ta yi taɓo. Wata baƙuwa ta fito tana ɗage zane, tana tsallake-tsallake, ta ce, "Gida mai kyau, sai dai taɓo a ƙofa." Ba da wata manufa ta faɗa ba, ta shiga mota ta tafi abinta, ta manta. Shi kuwa maganar ta tsaya masa a rai kamar ƙaya.

Da ruwa ya ɗauke sai ya sa tsani ya hau soro. Ya ciccire indararon nan duka, na zaure da na ɗakunan baƙi, ya toshe ramukansu da ƙasa, ya huda ta ɗaya gefen, ya mai da kowannensu yana fuskantar tsakar gida. Da aka sāke ruwa, ƙofar gidansa ta zauna tsaf, bango fari tas, ko ɗigo babu. Maƙwabta suka zo suna yaba dabararsa, har waɗansu suka koma gida suka yi yadda ya yi.

Afiniki ta tsaya a tsakar gida, ruwa ya shafe mata idon sawu, ta ce, "Maigida, ruwan soro duka ka tara mana a nan? Rariya ɗaya ce fa, ita ma ƙarama."

Ya ce, "Ruwa ne, zai nemi hanyarsa. Baƙo ba ya shigowa nan."

Ta ce, "To, mu fa?"

Ya yi dariya, ya ce, "Ku ai na gida ne."

Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta. Da ita ya riƙa rufe kowane baki. Rijiyar gidan, sai baƙi sun yi wanka tukuna na gida su ɗiba, in ta yi ƙasa su sha gurɓatacce, ai na gida ne. Ledojin ruwa da robobin da baƙi suke zubarwa, a share su daga gaba a kai bayan katanga inda ido ba ya gani, daidai bakin rariyar nan. Lokacin yaɓe kuwa da ya zo, sai ya fara daga bangon gaba, ya yi masa zāne, ya goge, ya sāke gogewa. Kafin ya kai ɗakin Iya ƙasar da aka kwaɓa ta ƙare, hadari kuma ya fara haɗuwa. Ya ce baɗi. Da baɗi ta zo ya sāke cewa baɗi.

Akwai sauran abu guda da yake damunsa, wato Iya a bakin zaure, da tsohon zanenta, da ɓawon gyaɗa a gabanta. Yana ƙaunarta, amma in baƙi suka ɗaga na'urar hoto sai ya ji kunya ta kama shi. Ran nan ya durƙusa a gefenta, ya sassauta murya, ya ce, "Iya, rana ta yi miki yawa a nan, ga hayaniya. Da kin huta a ciki."

Tsohuwa ba yarinya ba ce, ta gane sarai. Ta ce, "To." Ta ɗauki kujerarta ta shige. Shi kuwa ya kira kafinta, aka sa ƙofa mai kyau tsakanin zaure da cikin gida, aka shafa mata shuɗin fenti, kullum kuma a rufe take.

Damina ta bi damina. Ruwa yana kwanciya a gindin ɗakin Iya, ba ya tafiya sai rana ta shanye shi. Laima ta fara hawan bango daga ƙasa, ƙasar gindin tana zubewa kaɗan kaɗan. Afiniki ta lura Iya ta ɗauke akwatinta daga ƙasa ta ɗora a kan gado, ta kuma janye gadon daga jikin bango. Sai ta ce mata, "Iya, ki faɗa masa mana. Ni na yi magana har na gaji. In ke kika faɗa zai ji."

Iya ta ce, "Ni? Wancan? Bar shi, yana da baƙi."

Afiniki ba ta haƙura ba. Ta tare mijinta, ta ce ya zo ya ga bangon da idonsa, in ya so a mai da Iya ɗaya daga cikin ɗakunan gaba har ruwa ya ɗauke. Amma lokacin tsakiyar damina ne, ruwan dutse ya cika ya batse, shi ne lokacin da baƙi suka fi yawa, ko ɗaki ɗaya babu wanda yake wofi. Don ya rufe bakin matarsa, sai ya taka har ƙofar ɗakin uwarsa. Bai shiga ba, bai taɓa bango ba. Daga waje ya tsaya ya ce, "Iya, ɗakin lafiya dai?"

Daga ciki ta ce, "Lafiya lau."

Ya juya wa Afiniki, ya ce, "Kin ji da kunnenki."

Haba! Wannan wuri ne yake ba ni haushi a labarin nan, duk sa'ad da na zo kansa sai raina ya ɓaci. Ya san uwarsa. Ya san ko sama za ta faɗo mata, ba za ta buɗe baki ta kai ƙara wurin ɗanta na fari ba. Ya yi tambayar da ya riga ya san amsarta, ya ɗauki kunyar tsohuwa ya mai da ita shaida. Afiniki ta dube shi, ta ce, "Maigida, ka zama inuwar giginya, na nesa ka sha." Ya yi kamar bai ji ba, ya koma zaure.

Ran da abin zai faru, da tsakar rana ce. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baƙi suka sheƙo da gudu daga wurin dutse, suka cika zauren maƙil. Mutumin nan ya hura gawayi, yana gasa musu masara, yana zuba shayi, ana hira ana dariya. A ƙofar gida ba taɓo, ba kome, shi kuwa yana ta jin daɗin dabararsa.

A bayan shuɗiyar ƙofar nan kuwa, kowane indararo yana aman ruwa a tsakar gida. Afiniki ta ɗauki sanda tana zungurar rariya, amma leda ta toshe ta daga waje, ko motsi. Ruwa ya kai ƙwauri. Ta zo ta buga ƙofa, ta ce, "Maigida, ruwa ya yi yawa, ka fito."

Ya ce, "Ina zuwa, bari in sallami baƙi."

Ta ruga ɗakin Iya, ta ce, "Iya, taso mu tafi zaure." Iya ta ce, "In ratsa cikin baƙinsa haka, jiƙe sharkaf? A'a. Yanzu zai ɗauke." Afiniki ta juya don ta kwance awaki kada ruwa ya cinye su a turke. Ba ta kai ga turken ba sai ta ji ƙara a bayanta.

A zaure ma an ji ƙarar, baƙi suka ce tsawa ce. Mutumin ya ci gaba da zuba shayi. Sai ga wata murya ta ratso ruwan sama, ta ratso ƙofar nan mai fenti, tana kiran sunansa. Sunansa na yanka, gatsau, ba sakayawa. Muryar kuwa ya san ta tun yana cikin zanen goyo, amma bai taɓa jin ta da wannan suna ba. Butar shayi ta suɓuce daga hannunsa.

Ya banke ƙofa ya faɗa cikin ruwa, ja wur, har gwiwa. Bangon ɗakin Iya ya zauna, rufin ya rufta ta gefe ɗaya, azara ta danne mata ƙafa. Shi da Afiniki suka sa hannu suna tonon laka, suka ɗaga azarar da ƙyar, suka jawo ta. Tana da rai, amma ƙafar ta karye. Ya sunkuya, Afiniki ta ɗora masa ita a baya. Ya nufi ƙofar baya, ya tarar ba hanya, tulin sharar da shi kansa ya sa ake zubarwa ya tare ruwa, wurin ya zama kududdufi. Hanya ɗaya ta rage, ta cikin zaure.

Da Iya ta ga inda ya dosa, sai ta matso da bakinta kusa da kunnensa. Kunyarta ta riga ta komo, ba ta sāke kiran sunan ba. Ta ce, "Kai, bi ta baya. Kada mu ɓata musu daɓe."

Mutumin nan ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce, "Iya, ta gaba za mu bi."

Haka ya ratsa tsakiyar baƙinsa, goye da uwarsa, laka tana zuba daga jikinsu a kan simintin da ake gogewa safe da yamma. Wani dattijo cikin baƙin, wanda ya saba sauka a gidan duk shekara, ya miƙe ya ce, "Wace ce wannan?"

Ya ce, "Uwata ce."

Dattijon ya leƙa ta ƙofar da aka bari a buɗe, ya ga ruwa, ya ga rusasshen ɗaki, ya ga Afiniki tsaye da laka har wuya. Ya riƙe baki, ya ce, "Ashe akwai mutane a cikin gidan nan?"

Ba gatse ya yi ba, da gaske bai sani ba. Shi ne ma ya fita cikin ruwan ya kawo motarsa, wata baƙuwa ta cire mayafinta ta lulluɓe tsohuwar, aka kai ta asibiti. Baƙin nan ba wanda ya taɓa roƙon mutumin ya nutsar da uwarsa domin takalminsa ya zauna da tsabta.

Iya ta rayu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, sai da sanda. Kafin a sallamo ta, mutumin ya sa tsani ya sāke hawa soro, ya mai da kowane indararo inda ubansa ya sa shi. Sa'an nan ya bi maƙwabta gida gida, suka yi gayya, suka haƙa lambatu a bakin hanya, suka jera masa duwatsu har rafi. Ashe abin da ake bukata ke nan tun farko. Ruwa ya sami hanyarsa, ƙofar gida ba taɓo, tsakar gida ba kududdufi. Ya kwashe sharar bayan katanga, ya faɗaɗa rariya, ya cire shuɗiyar ƙofar nan ya jingine ta. Ɗakin da ya fi kyau a gaba ya ba Iya. Baƙi kuwa ba su ragu ba ko kaɗan, har sukan durƙusa su gaishe ta a bakin zaure, ta ba su gyaɗa.

Ran da aka komo da ita gida, ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Iya, ki gafarta mini." Ta kau da kai, ta dubi Afiniki, ta ce, "Ce wa wancan ya tashi. Na yafe." Ta yafe da gaske. Amma har ƙarshen kwanakinta, kowace safiya yana jin ƙarar sandarta a kan daɓen nan, ƙwas, ƙwas, tana tafiya bakin zaure.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa. Gidan nan garinmu ne. Zaure da farin bango su ne babbar hanyar nan da take tafiya wurin da baƙi suke zuwa kallo, da fitilunta, da masaukanta, da furannin da ake ba ruwa da tanka. Cikin gida kuwa unguwannin da suke bayan hanyar ne, inda yawancinku kuka fito da safen nan kuna ɗage riga saboda ruwan kwata. Baƙi baiwar Allah ce. Kada wani ya fita daga nan ya ce na yi wa'azi a kan baƙi, ban yi ba. Ubangiji yana son mai karɓar baƙo, da yawa a cikinku kuma da kuɗin baƙin nan kuke ciyar da 'ya'yanku. Mu gode masa. Laifin mutumin nan ba karɓar baƙi ba ne. Laifinsa shi ne ya ga ruwa, maimakon ya yi masa hanya, sai ya juya shi kan waɗanda ba za su yi ƙara ba.

Indararo kuwa shi ne kowace wahala da girman gari yake jawowa. Gari ba ya girma ba tare da ruwan datti ba, da shara, da cunkoso, da tsadar haya. Dole su zuba a wani wuri. Tambayar ita ce, a kan wa? Ku je Unguwar Gangare bayan an yi ruwa ku gani. Lambatun babbar hanya an gina shi da siminti, kyakkyawa, amma ina bakinsa ya ƙare? A ƙofar gidajen mutane. Famfon masaukai ba ya ɗaukewa, matan Gangare kuwa suna layi da jarka tun da sassafe. Mama Briskila, ga ta can zaune, shekara da shekaru tana suyar masa a bakin hanya, aka ce rumfarta tana ɓata wa gari fuska, aka tura ta lungun da ko akuya ba ta bi. Da na tambaye ta, me ta ce mini? Ta ce, "Ba kome, Malam, mun gode Allah." Kun ji muryar Iya ko ba ku ji ba?

Iya ita ce talakan garin nan, wanda aka tarar, wanda kakanninsa suka sare dajin da muke zaune a kai. Mutanenmu masu kunya ne. Ka tambayi mutum yana cikin ruwa har wuya, "Ina gajiya?" ya ce maka, "Ba gajiya." Wannan tarbiyya ce mai kyau, ina alfahari da ita. Amma kaiton shugaban da ya mai da ita shaida! Kaiton wanda ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Unguwa lafiya?" aka ce masa, "Lafiya lau," ya juya ya ce, "Kun ji da kunnenku." Allah ba a yi masa wannan wayon. Shi yana shiga ɗaki, yana taɓa bango, ya san inda laima ta kai.

A cikinmu nan akwai masu zama a majalisar gari, akwai masu unguwa, akwai masu masauki. Na gan ku, kada ku sunkuyar da kai, ba faɗa nake yi ba. Ina gaya muku ne abin nan mai yiwuwa ne. Mutumin nan bai rushe ɗakunan baƙi ba, bai kori kowa ba. Lambatu kawai ya haƙa, wanda da ya haƙa shi tun farko da uwarsa tana tafiya da ƙafafunta. In za a ja bututun ruwa zuwa masauki, a bi da shi ta cikin unguwa a bar famfo. In motar shara ta share babbar hanya, ta shiga lungu ma, kada ta juye a bayan gidan wani. Hanyar asibitinmu ta fi hanyar wurin kallo bukatar kwalta, gama mai naƙuda ba ta jiran rani. A yi wa masu suyar masa rumfuna masu tsabta a inda mutane suke wucewa, a daina ɓoye su kamar abin kunya. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓa tana da daɗi, amma da hantsi ta tafi, wanda zai kwana a garin nan shekara da shekaru shi ne za a fara yi wa yaɓe. Ku kuwa gaskata ni, garin da ya ji daɗin kansa, baƙo ma ya fi jin daɗinsa.

Kai kuma da kake gyaɗa kai a baya can, kana cewa yau Malam ya taɓa manya, tsaya tukuna, kai ma kana da indararo. Wani a waje kowa yana yabon fara'arsa, in ya shiga gida sai yara su watse. Haushin da ya kwaso a kasuwa, bai zuba wa wanda ya ɓata masa rai ba, ya kawo ya juye wa matarsa, ai ta gida ce. Wata tana da faranti na musamman domin baƙi, surukarta kuwa tana ci a fasasshen kwano. Mu ma a ikkilisiya, mun iya share majami'a mu ɗaura ƙyallaye in babban baƙo zai zo, gwauruwar da take zama a bencin baya kuwa ɗakinta yana yoyo, ba wanda ya leƙa. Duk wanda ka ce masa "ai kai na gida ne" don ka hana shi abin da ya cancanta, ka juya masa indararo ke nan.

Saboda haka ga aikin da na ba ku, manya da yara. In an tashi daga sujada, kada ku tsaya a zaure. Ku wuce ciki, har ɗakin ƙarshe, wurin wanda bai taɓa roƙonku kome ba. Kada ku tambaye shi ko lafiya, gama zai ce lafiya lau. Ku shiga, ku sa hannu a bango. Ku da kuke riƙe da gari, ku sauka daga kwalta ku taka Gangare da ƙafa, yanzu, tun hadari bai haɗu ba. Ubangiji ya ba mu hannu, ya ba mu maƙwabta, ya ba mu kwanakin rani domin yaɓe, ba abin da ya rage mana sai tashi.

Mutumin nan ya yi shekaru yana marmarin ya ji sunansa a bakin uwarsa. Sau ɗaya tak ya ji, daga ƙarƙashin bango. Masu kunyar da suke gidanku da garinku ba za su kira ku ba sai azara ta danne su. Ku je tun ba su kira ba.

Mai kunnen ji, ya ji. Bari mu yi addu'a.